Ƙafar Mariama

Luƙman ba mugun ɗa ba ne, kada wanda ya ji labarin nan ya ɗauka haka. Yana son uwarsa so na gaske. Sai dai yana cikin mutanen nan da in suka gane gaskiya guda, sai su ɗauka sun gama gane duniya. Yana da shago a wani gari kudu da Tibiri, ya tsayar da gemu, ya ɗage wando, ba a raba shi da sahun gaba a masallaci. Uwarsa Mariama kuwa 'yar Lugu ce, a gidan bori ta tashi, a ciki ta tsufa. Wannan abu ya daɗe yana ci masa tuwo a ƙwarya.

Da kaka ta yi, tushen karan gero ya soke ta a tafin ƙafa. Ciwo ne da bai taka kara ya karya ba, amma ya ƙi warkewa. Luƙman yana jin labari ya hau mota ya ɗauko ta, tun kafin ƙawayenta su ce iskar nan Doguwa ce ta taɓa ta. Ya kwance layun da ke jikinta, ta bar shi ya kwance, don shi kaɗai Allah ya bar mata.

A garin akwai wani baƙo, Nuraddeen, da ya kama ɗaki a bakin kasuwa. Yana sa farar riga, yana rataya abin awon ƙirji a wuya, ya ce a babban asibitin Yamai ya yi aikin jinya. Mutane suna kiransa majo, sunan da ake ba babban ma'aikacin jinya. Ba wanda ya taɓa cewa ya nuna takardar makarantar da ya gama. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne Luƙman, mutumin da in ka kawo masa hadisi sai ya tambaye ka wa ya ruwaito, bai tambaya ba. Kafaɗa da kafaɗa suke salla, wannan ya ishe shi shaida.

Nuraddeen ya wanke ciwon, ya naɗe shi da farin bandeji, ya fara yi mata allura. Abin mamaki, zogi ya ɗauke. Tsohuwar da take yamutsa fuska a kan fura ta koma neman ƙarin tuwo, kumatunta suka ciko. Maƙwabta suna shigowa suna sa wa majo albarka. Luƙman har tafiyarsa ta sake. Ƙishirwa dai ta dame ta, ga yawan fitsari, amma majo ya ce cutar ce ke fita. In zai sake bandeji kuwa, sai ya ce kowa ya fita, aikin likita ba abin kallo ba ne.

Wata ranar kasuwa Tsahara ta zo dubiya. Ƙawar Mariama ce tun suna 'yan mata, kuma kowa a Lugu ya san tana hawan iska. Ta zauna a bakin tabarma, suka gaisa. Ta sunkuya ta kai hancinta kusa da bandejin, ta ɗago, ta kira Luƙman waje.

Ta ce, "Ɗana, wanga ciwo ba na iska ba na. Da na iska na, da ni ka hwara gaya maka. Ƙahwag ga ruɓa takai. Ka kai ta asibitin Dogon Dutsi yau, kada ka kwana."

Luƙman ya dube ta sheƙeƙe. Ya ce, "Inna Tsahara, mi kinka sani ga aikin likita? Ba ki ga ta yi ƙiba ba?"

"Na gani. Ba ƙibal lahiya ba ta."

"Mun gode da dubiya. Mun bar wagga hanya taku, kuma ba mu komawa."

"Ni ban ce ka kawo ta wurina ba. Asibiti nic ce."

Bai ji ba. Da a ce wani mai gemu ne ya faɗi wannan magana, da kafin la'asar suna kan hanya. Amma daga bakin 'yar bori ta fito, shi kuwa ya riga ya yanke cewa ba abin da zai fito daga nan sai ƙarya. Mariama tana jin su daga ɗaki. Ita ma ta daɗe tana jin warin, amma ta ji tsoron in ta goyi bayan ƙawarta, ɗanta zai ce zuciyarta ta koma Lugu.

Bayan 'yan kwanaki zazzaɓi ya rufe ta, ta fara sambatu. Aka aika kiran majo, aka tarar da ƙofarsa da kwaɗo, wai ya yi tafiya. Luƙman ya durƙusa ya kwance bandejin da hannunsa. Yatsun sun yi baƙi ƙirin, baƙin ya haura idon sawu.

A asibitin Dogon Dutsi wata ma'aikaciyar jinya, Firdausi, ta auna jininta, ta ce tana da ciwon sukari. Ta tambayi irin allurar da ake yi mata. Luƙman ya miƙa mata wata 'yar kwalba da ya tsinta a ɗaki. Ta karanta, ta dube shi.

"Wannan tana ɓoye zogi, tana kumbura jiki, tana hau da sukari. Wa ya yi mata?"

"Majo Nuraddeen."

"Wace lakkwal, wace makaranta ya yi? Kun ga difilom ɗinshi?"

Luƙman ya sunkuyar da kai. Daga baya jandarmomi suka gano cewa mutumin nan shara yake yi a wani shagon magani a ƙetaren iyaka, a nan ya koyi riƙe sirinji. Ba su same shi ba.

Likita ya ce in ana son ranta, sai an yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa. Aka yanke. Da aka gama, aka miƙo wa Luƙman ita a naɗe, aka ce ya je ya binne, kamar yadda aka saba. Ya sayi farin yadi ya ƙara naɗewa, ya shiga ya ga ko ta farfaɗo kafin ya tafi.

Ta farfaɗo. Ta dubi abin da ke rungume a ƙirjinsa, ta gane. Luƙman ya so ta zage shi, ya so ta ce Allah ya isa, ko zai ji sauƙi. Kuka ya ci ƙarfinsa, ya kasa cewa ta yafe masa.

Mariama ta ce, "Bar kuka, kai babba na. Ka gina mata rami mai zurhi, kada karnuka su tone. Ta yi mani aiki. Da ita nit taka tun daga Lugu hal garin ga, kana bayana, shekarad da kay yi ƙyanda."

Ya fita ya nufi maƙabarta a ƙasa, bai tsayar da mai babur ba.