Teburin Kawu Ladan

Fim ɗin na soyayya ne da barkwanci, kuma wurin da ya fi ba mutane dariya gajere ne. Saurayi ya sayo wa budurwarsa nama, ta shinshina, ta maka masa a fuska tana ihu, "Naman jaki ne!" Fadila ce ta fito a budurwar. Teburin da aka ɗauki wasan a gabansa kuwa na Kawu Ladan ne, ƙanin mahaifiyarta, mahauci a kasuwar Chagoua. Ita ta roƙe shi, ya yarda don yana jin nauyinta, har ya tsaya a baya yana murmushi da wuƙarsa a hannu.

Sai wani ya yanko wannan wurin kaɗai ya watsa a wayoyi. Babu sunan fim, babu inda budurwar ta ce gwada saurayin take yi. Fuskar Kawu ce kawai, da teburinsa, da ihun.

Da hantsi aka kira Fadila aka ce ta yi sauri. Kafin mai babur ya gama tsayawa ta dire, ta kutsa cikin taron.

An kife teburin, nama ya watse a ƙasa ana tattaka shi. Kawu na kwance a gefen kwata, girarsa ta fashe, jini ya rufe masa ido ɗaya. Ya ɗaga hannun dama zai kare kansa, wani ƙato ya sauke masa gora a kai. Fadila ta ji ƙarar ƙashin. Ihu ake yi da Larabci da Hausa, kowa na lissafa abin da ya ci daga wannan tebur.

Wata mata ta gane ta.

"Ga ta nan! Ga yarinyar da ta tona masa asiri!"

Aka yi shewa, aka turo ta gaba. Wani ya danƙa mata dutse a hannu ya ce, "Ke kika fi kowa cancanta. Jefe shi!"

Ta saki dutsen ya faɗi.

"Jama'a, wasa ne! Fim ne! Kawuna ne, naman shanu yake sayarwa!"

"An toshe mata baki," in ji mai gorar. Ya kwaɗa mata mari da bayan hannu, ta yi baya ta bugi ƙafar teburin. Wani dutse ya same ta a kunne, ta ji ɗumi na gangaro mata a wuya.

Daga inda take durƙushe ta miƙa hannu ta ɗauki tsoka guda, ɗanya, duk ƙasa. Ta miƙe, ta ɗaga ta yadda kowa zai gani, ta sa a baki. Ta daɗe tana tauna, yashi na ƙaras-ƙaras a haƙoranta. Ta haɗiye. Ta ɗauki wata.

Jama'a suka tsaya kallonta.

"Da jaki ne ai ba za ta ci ba," wani dattijo ya ce.

"Kai, baba, 'yan fim? Me ba sa ci?"

Aka fashe da dariya, dariyar ce kuma ta sassauta hannuwa. Mai gorar ya tofar da yawu ya juya. Sannu a hankali kowa ya tuna da abin da ya kawo shi kasuwa.

Fadila ta cire mayafinta ta naɗe hannun Kawu. Yatsun sun karkace, ta san ba zai riƙe wuƙa ba nan kusa.

"Ko bismilla ba ki yi ba, 'yar nan," ya ce da ƙyar. Sannan ya tambaya, "Sun yarda?"

Ta ɗaga kai. Hafsa mai abinci, wadda a wurinsa take sayen nama tun Fadila na ƙarama, ta wuce su da kwandonta ba ta waiga ba, ta tsaya a teburin gaba tana nuna cinyar da za a yanka mata.

"Wasu sun yarda, Kawu."

Ya bi inda take kallo da idonsa mai gani.

"To, kama min mu tayar da teburin."