Jemar Maliki

"Ɗaga ni in zauna, Ango, kai da hannuwanka masu ƙarnin kifi," in ji Maliki.

Ango masunci ya tallafe shi ya jingina da bangon ɗaki. Shekara arba'in suna maƙwabtaka a Kaoje, ba ranar da ba su tsokani juna ba, amma yau ciwo ya ci Maliki, kafaɗar manomin ba nauyi, abin ya sosa masa rai.

Duk gari an san Maliki da taurin kai. Kowa na noma shinkafa har bakin kogi, shi ko ya bar taku ashirin na ciyawar jema, wai ita ke tare laka da taki da maganin feshi kada ruwan sama ya kwashe su zuwa kogi. Aka yi masa dariya har aka gaji. Ango bai yi ba, don ruwan gindin gonar nan garau yake, nan kifi ke ƙwai, nan tarunsa ke ciyar da gidansa.

Yanzu ga Zayyanu, ɗan Maliki, ya dawo daga Kamba yana cewa in an sare jemar, filin zai ba da shinkafa buhu shida.

"Ka yi mai wasiyya mana," Ango ya ce. "Ya bar wagga ciyawa."

"Wasiyya don ciyawa? Gona tai ta. Kai dai ɗauke shi cikin jirgi, shi sha ruwan gindin gonata, shi sha na gonar gaba. Ai yana da harshe."

Ango ya kai shi. Zayyanu ya kurɓi nan, ya kurɓi can ya tofar, suka dawo.

Ranar Talata bayan la'asar Maliki ya cika, salin-alin, da kalmar shahada a bakinsa. Ango ya yi kuka, amma bai ji an yi masa ƙwange ba. Sun sha zamansu.

Bayan sadakar bakwai Ango ya tura jirgi da safe, sai ya hango Zayyanu cikin jemar yana sara da fartanya. Ya karkato jirgin zuwa gaɓa.

"Zayyanu! Mi kaka yi?"

"Baba Ango, matso ka kama min."

Ashe tushen jema ɗaya Zayyanu ya tono, yana rarraba shi. Can gefe, inda ambaliya ta cinye gaɓa bara, ramuka ne jere, uku har an riga an dasa musu jema.