Ɗakin da Inuwa Ya Ɗaura a Kan Mota

Na zo Riyadh da bizar ziyara don in ga mijina, sai na ƙare ina ganinsa yadda ake ganin majinyaci a asibiti: a zaune, a gaban mutane, ana duban agogo.

Inuwa direba ne. A-kori-kura yake ja, farar mota ta kafilinsa, wato ubangidan da ya tsaya masa a ƙasar, Abu Nayif, mai ba da hayar darduma da kujeru ga masu biki. A unguwar Manfuha yake kwana, ɗaki guda shi da wasu 'yan Maraɗi, gado a kan gado. Gidan gwauraye ne, mace ba ta taka ko bakin ƙofarsa. Don haka aka sauke ni a unguwar Nasiriya wajen Gwaggo Sabuwa, ƙanwar babana, a ɗakin 'ya'yanta mata. Yaran nan a nan aka haife su, in na yi musu Hausa sai su amsa mini da Larabci su tuntsire da dariya.

Ba zan ɓoye abin da ya kawo ni ba. Mun shekara huɗu da aure, amma zaman da muka yi tare bai cika damina ɗaya ba. A Funtuwa har an fara tambayar mahaifiyata ko lafiya nake, kamar ta waya ake ɗaukar ciki. Ina son mijina, ina son ƙofa a rufe, ba mai leƙowa. Ga kwanakin bizar suna ta zurarewa, kullum na farka sai in ji gabana ya faɗi.

Yakan zo bayan magariba. Sai a shimfiɗa masa a falo, Gwaggo ta kawo shayi, mijinta Baba Sha'aban ya ƙure talabijin yana yi masa tambayoyi kan farashin taya. Ni ina gefe a kan hannun kujera, ina kallon ƙeyar mijina. Ba a daɗe sai wayarsa ta yi ƙara. Zai zabura ya miƙe tsaye, kamar mutumin yana ganinsa, ya ce, “Hadir, hadir.” Wannan ce kalmar Larabci ta farko da na koya, ma'anarta an gama, ina zuwa. Shayin da aka zuba masa ni nake zubarwa.

Wata rana ya ɗauke ni a mota muka yi ta zagaya gari. Muka je Murabba, wajen lambun gidan tarihi, muka tarar kowace inuwa da iyalinta. Muka koma mota, ya kunna, ya kashe, ya sake kunnawa. Na ce, “Malam, ina za mu?” Ya ce bai sani ba. Mun ƙone mai ranar nan har na ji tausayin motar.

A nan ne ya nuna mini abin a waya. Wani tanti ne da ake ɗaurawa a bayan mota, a naɗe kamar akwati. In aka buɗe sai ya zama ɗaki a sama, da katifarsa da tagoginsa, a hau da tsani. Ya ce wata da watanni yana kallonsa. Ya ce in sanyi ya shigo duk mutanen garin nan daji suke fita, suna kiransa kashta, kowa ya kafa tantinsa can nesa da kowa, ya hura wuta, ba mai ce masa uffan. Ya ce ya ga wani na hannu a kasuwar gwanjo, mai shi bai yi amfani da shi sosai ba.

Na ce, “Shi me ya sa bai yi amfani da shi ba?”

Ya ce, “Ke dai kin cika tambaya.”

Da maganar ta kai falo, Baba Sha'aban har rage talabijin ya yi, abin da ban taɓa gani ba.

Ya ce, “Inuwa, anya kanka ɗaya? Abin da za ka zuba a wannan akwatin ai ya kama maka shaƙƙa, ɗan gidan haya da kayansa, har yarinyar nan ta koma. In daji kake so, ga tantin ƙasa nan birjik, ka jefa a bayan mota. Wannan na masu kuɗi ne da ba su da abin yi, wallah.”

Inuwa ya ce, “Baba, na ƙasa akwai kunama.”

“Kunama! Ɗan Funtuwa ne ke tsoron kunama?”

Gwaggo ta ce ita tsanin ne bai kwanta mata ba, mutum ya tashi fitsari ya karye a daji.

Inuwa ya yi ta murza kofin shayi. Can ya ce, “Shaƙƙa ta mutane ce, Baba. Ranar da Khairat ta hau jirgi zan miƙa makulli in koma gadona na sama. Tun da na zo ƙasar nan ban taɓa rufe wata ƙofa da ta zama tawa ba. Ko banɗaki layi muke yi.”

Ni dai a raina ina bayan Baba Sha'aban, don shaƙƙa tana da bango da famfo. Amma sai na ga fuskar mijina. Haushi da tausayi suka haɗu mini, ban san wanda zan bi ba.

Ya saya. Ya ce Abu Nayif ya yarda a ɗaura, muddin bai tare wajen lodi ba. Sai da aka nemo ƙarafa aka gitta a bayan motar, sai da 'yan ɗakinsu suka taru suka cicciɓa, don abin nauyi ne da shi kamar buhunan siminti. Duk wannan ya cinye mana mako guda, ni kuwa ina Nasiriya ina safa da marwa tsakanin taga da kicin. Na wanke kayana masu tsabta. Na yi lalle, ya fara gogewa, na sake yi. Gwaggo ta ce in zauna haka nan, ina sa ta jiri.

Ranar Juma'a, ranar hutunsa, ya zo bayan an sauko masallaci. Ya yi aski, ya sa farar shadda da ban san ya zo da ita ba. Gwaggo ta cika mana kula da dafa-duka, ta tura mini bargo ba ta dubi idona ba. Saura kwanaki kaɗan tafiyata, kowa a gidan ya sani.

Muka miƙe hanyar arewa, wajen da ake kira Thumama. Motar tana ta huci da iska saboda akwatin, shi kuma yana ta duba madubi ko yana nan. Muka bar kwalta muka shiga jan yashi. Ko'ina motoci ne jefi-jefi, yara na gudu, hayaƙi na tashi. Ya wuce su, ya sake wuce wasu. In ya tsaya sai ya ce nan ba daidai ba ne, motar ta karkata, mutum zai gangaro daga katifa. Ya ja gaba, ya dawo baya, ya fito ya tsugunna ya duba, ya tura dutse ƙarƙashin taya. Na ce, “Malam, rana fa tana tafiya.” Ya ce saura ƙiris.

Buɗewar ma wani aiki ne. Ya hau taya ya kwance igiyoyi, ya zare murfin, zif ya cije, ya yi ta fama har shaddar ta yi ja da ƙura. Sannan ya jawo tsanin, ya danna shi ƙasa da ƙarfinsa, sai ga abin ya buɗe ya miƙe a sama, rabinsa a kan mota, rabinsa a kan tsani. Ya soke 'yan sanduna a tagogin. Ya ja baya ya riƙe ƙugu yana kallo, bakin nan har kunne.

Ya ce, “Bismillah, uwargida. Ke za ki fara shiga.”

Na tattare abayata na hau, tsanin yana rawa, ina salati. Da na shiga sai na ga ashe ya riga ya shimfiɗa sabon zanen gado, ya sa matashi biyu. Har ɗan madubi ya rataya. Ta taga na hango yashi har iyakar gani, ba gida, ba mutum kusa. Iska mai sanyi tana kaɗa tantin a hankali. Na zauna na miƙe ƙafa, sai kawai na ji hawaye. Ɗaki ne. Ƙarami ne, ba a miƙewa tsaye a ciki, amma ɗaki ne, kuma ba kowa a cikinsa sai ni.

Ya taka tsanin ke nan wayar ta yi ƙara.

Na ji saukarsa. Na ji muryarsa ta canza, ta koma siririya. Ya daɗe yana saurare, sannan ya ce wani abu, ya sauke wayar.

“Khairat.”

Na gyara zaman matashi.

“Khairat, Abu Nayif ne. Wai masu wani biki sun ƙara baƙi, ɗaya direban yana can garin Kharj. Darduma ce kawai zan kai, in dawo.”

Na ce, “To je ka.”

“Ai sai kin sauko. Motar ba ta motsi sai an naɗe shi.”

“In na sauko fa?”

“In naɗe, in ajiye ki wajen Gwaggo, in kai kayan. In an gama da wuri mu dawo, in ba haka ba wata Juma'ar.”

Wata Juma'ar ina Funtuwa. Shi ma ya sani, don bai iya ƙarasa maganar da ƙarfi ba.

Na leƙo ta ƙofar. Yana tsaye a gindin tsani, hannu ɗaya a kan ƙarfen, ɗaya riƙe da waya, yana kallon hanyar da muka biyo. Har ya fara zare sandar taga ɗaya. Tun da na zo nake tashi in an ce tashi, in zauna in an ce zauna, in zubar da shayi.

Na ce, “Ba zan sauko ba.”

Ya ɗago kai. “Kamar yaya?”

“Kamar yadda ka ji. Ka ce ɗaki ka yi mini, na shiga ɗakina. In za ka naɗe, naɗe da ni a ciki.”

“Khairat, ki ji tsoron Allah. Mutumin nan iƙamata, takardar zamana a ƙasar nan, a hannunsa take. In ya ce khalas, shi ke nan fa.”

“Na sani.”

“Kin sani, kuma kike wannan?”

Na ce na sani. Na koma ciki na zauna a tsakiyar katifar. Tsoro nake ji, ba na wasa ba. Na san abin da aikin nan yake ciyarwa a gida, na san har da maganin mahaifiyarsa. Na ce a raina in ya sake kira na sau ɗaya, da muryar nan tasa, zan sauko. Amma ban motsa ba.

Bai kira ni ba. Na ji shi yana zagaya motar, takalminsa na nutsewa a yashi. Ya buɗe ƙofar direba ya rufe. Ya jijjiga tsanin kaɗan ya saki. Ya yi nisa, ya dawo. Rana ta yi ja, daga can nesa wani ya fara kiran sallar magariba da bakinsa. Wayar ta sake ƙara.

Ya bar ta ta daɗe kafin ya ɗauka. Ban ji duk abin da ya ce ba, ko na ji ma ba zan gane ba. Na dai tsinci kalmar mata, na tsinci Juma'a. Muryar Abu Nayif tana fitowa ta wayar har sama inda nake, yana magana ba numfashi. Inuwa ya maimaita abu guda sau da yawa, a hankali, kamar mai lallashin yaro. Sannan aka kashe wayar.

Tsanin ya motsa. Kansa ya fara bayyana, hularsa a karkace, goshinsa duk gumi cikin sanyin nan. Ya cire takalmi ya saƙale a wata 'yar jaka da ke rataye a bakin ƙofa, ya rarrafo ya zauna a gefen katifa. Bai dube ni ba. Hannuwansa ya zuba wa ido.

Na ce, “Me ya ce?”

“Ya ce zai nemi wata motar.”

“Shi ke nan?”

“Ya ce gobe da safe in kwance wannan abin daga motarsa. Sauran maganar sai na je ofis.”

“In ka kwance, ina za ka kai shi?”

Ya yi wata 'yar dariya da ba ta kai ko'ina ba. Ya ce, “Ban sani ba. A ɗakinmu ko akwatina a ƙarƙashin gadon wani yake.”

Na ce, “Kana jin haushina.”

“Ina ji.”

Na ce, “To ji. Amma jawo ƙofar nan tukuna, sanyi yana shigowa.”

Ya juya ya kama zif ɗin. Ya sa hannu biyu. Ya ja shi tun daga sama, a hankali, har ƙasa.