Shekara Biyar a Kan Takarda

Fayil mai lamba tara ne ya tsayar da malamin falsafa. An rufe sunan da baƙin tawada kamar sauran, amma abin da ke ƙasa ba ya ɓoyuwa: namiji, shekara sittin da ɗaya, tsohon ma'aikacin masaƙa, babu yatsu biyu a hannun hagu. Ya san ranar da inji ya cinye yatsun nan, don shi ya riƙe kwanon da aka wanke jinin.

Yayansa ne, uwa ɗaya uba ɗaya.

Su biyar ne a ɗakin taron asibitin: babbar likita, shugabar ma'aikatan jinya, lauya, wani dattijo wakilin jama'a, sai shi. Na'urar wankin ƙoda huɗu ce kacal, masu jira sun haura arba'in. Jiya wani ya rasu, gurbi ɗaya ya buɗe, yau da hantsi za su zaɓi wanda zai hau. Fayil biyu suka rage a teburin, kuma likita ta riga ta faɗa ba ɓoye-ɓoye, wanda aka bari a cikinsu ba zai ga ƙarshen wata mai zuwa ba.

Lamba ashirin da uku mace ce, tela, shekara talatin da huɗu, 'ya'ya uku, makinta goma sha takwas a ma'aunin da ke nuna wanda ya fi cancantar gurbi. Lamba tara yana da goma sha shida, saboda duk wanda ya wuce sittin ana zaftare masa maki uku.

Amma Yaya bai kai sittin ba, shekararsa hamsin da shida. Da mahaifinsu ya rasu yana ɗan sha huɗu, masaƙa ta ce ba ta ɗaukar yara, sai ya je aka yi masa takardar rantsuwa da ƙarin shekara biyar, ya shiga aiki don ƙanensa ya zauna a makaranta. Ƙaryar nan ta bi shi cikin kowane kati har ta zama gaskiya. Da za a cire ta, makinsa goma sha tara ne.

Matsalar ita ce malamin ne ya rubuta dokokin da hannunsa, shekara uku baya, lokacin da ake rabon gurbi da alfarma da kiran waya. Shi ya ce a rufe sunaye. Shi ya ce abin da ke takarda kaɗai za a duba. Shi kuma ya dage a kan sashe na bakwai: duk wanda ya gane maras lafiya ya fita, a ajiye fayil ɗin sai wani gurbi ya buɗe. Ya yi lacca a kan tsarin, an buga masa maƙala, an tafa masa. In ya buɗe baki ya ce yayana ne, da harshensa ya ture fayil ɗin gefe.

Sai ya bi hanyar da ya saba bi a aji.

"A ce misali," ya ce, yana gyara tabarau, "akwai mutumin da takarda ta ce ya tsufa, alhali jikinsa bai kai ba."

Lauya ya jingina da kujera yana murmushi. "To, Malam ya fara. Yau kuma wa za mu ɗaure a titin jirgi?"

Aka yi dariya, har da dattijon. Sun saba da misalansa, irin na a ɗaure mutane a titin jirgi a ce ka zaɓi wanda za ka ceta, kowane zama sai ya kawo ɗaya, su yi muhawara na minti biyar su koma kan aiki. Malamin ya juya ga likita ya tambaye ta ko kimiyya ba za ta iya auna shekarun mutum ba. Ta ce a babba sai dai kirdado, kuskuren zai iya kai shekara goma ta kowane gefe. Ta ce ita adadin gubar da ke jini take aunawa, wanda ya cancanci rayuwa kuwa ba ya fitowa a gwaji, don haka aka ɗauko shi daga jami'a.

Lauya ya buɗe kundin dokoki ya karanto masa jimlarsa: ranar da aka saurari labarin da ba ya takarda, mai ɗan'uwa a ɗaki shi zai rayu.

"Kai ka koya mana," in ji shugabar jinya. "Da can kuka nake yi bayan kowane zama. Yanzu ina iya cin abinci."

Malamin ya dubi fayil ɗin telar. An rubuta cewa ƙaramin ɗanta bai cika shekara biyu ba. Ba ta da kowa a ɗakin nan, kuma dokar don irinta ya yi. Ya nemi hujja ɗaya da zai yarda da ita da a ce wani ne ya kawo ta, bai samu ba.

Likita ta ce a ɗaga hannu ga lamba ashirin da uku. Hannu huɗu suka tashi. Tsarin ya ce sai an yi baki ɗaya, don haka suka zuba masa ido. Nasa ya tashi, bai wuce kafaɗa ba, amma an ƙirga.

A hawa na biyu ya tarar da matar Yaya a kan benci. Ta miƙe tana gyara mayafi, ta ce tunda yana cikin kwamitin ita barci take da minshari, wanda ke da ɗaki ai ruwa ba ya dukansa. Ya wuce ta ya shiga ɗakin da aka kwantar da Yaya.

Yaya yana jingine da matashi, ƙafafunsa sun kumbura kamar an hura. Kallo ɗaya ya yi wa fuskar ƙanen, ya kawar da kai wajen taga.

"Nawa suka ce shekaruna?"

"Sittin da ɗaya."

"Ka faɗa musu?"

"Ban faɗa ba, Yaya."

Ana jin na'urorin suna aiki a ɗakin da ke kusa. Can Yaya ya yi 'yar dariya da ta ƙare da tari.

"Ashe na ci ribar biyar. Mutane rage shekaru suke, ni ga gwanin wayo." Ya nuna kujera da hannun da ya rage yatsu uku. "Zauna, Boko. Shekara da shekaru ana tambayata me ƙanena ke koyarwa, sai in ce tunani. Yanzu dai ba ni da wurin zuwa. Yi mini bayani yadda zan gane."

Malamin ya jawo kujera ya zauna. Yaya ya gyara kwanciya ya tattara hankalinsa, yana jira.