Faɗi da Tsawon Taranziston Kawu Yazidu

Gidan Sa'adu mai dillancin awaki a Dakoro ba su rasa hatsi ba, ba su rasa nono ba. Abin da suka rasa shi ne hira da ɗiyarsu Hafsatu. Tun da sanƙarau ya kama ta tana shekara takwas, jinta ya ragu ƙwarai, sai an yi mata ihu a kunne. A lakwal, wato makarantar boko, tana zama gaba, tana kallon bakin mushe, malaminsu, rabin darasin yana wuce ta.

Da hutun damina ƙanen mahaifiyarta, Yazidu, ya zo daga Yamai inda yake karatun lantarki. Aikinsa na kammala karatu shi ne zana ɗan abin ƙara sauti na na'urar kunne, wanda ƙaramin pil, wato batir, zai riƙe mako guda. Kullum da hantsi yakan zauna a zaure da ordinatersa, wato kwamfuta, Hafsatu na gefensa da allon lakwal.

Ya rubuta mata a allon cewa taranzisto wata ƴar hanya ce da wuta ke bi, ta fi gashi siranta nesa ba kusa ba, kuma mai zane ne ke zaɓa mata faɗi da tsawo. Yana son muryar da ta shiga ta fito ninki ɗari. Lissafin ordinater kuwa ya tsaya a ninki talatin.

"Ke ce sakatare," ya ce yana fuskantarta don ta ga bakinsa. "Rubuta duk abin da na gwada."

Ta ja layi uku: faɗi, tsawo, ninki. Ya ƙara faɗi, ninkin ya ɗan motsa. Ya sake ƙarawa, ya ƙi gaba. Ya ƙara wuta, ninkin ya ma ragu, lissafi kuma ya nuna pil ba zai kwana biyu ba. Kwana huɗu suna haka.

A rana ta biyar ya rufe ido ya jingina da bango. Hafsatu ta daɗe tana duban allonta, sannan ta taɓa gwiwarsa.

"Kawu!" ta ce da ƙarfi, don ba ta jin muryarta. "Layin tsakiya ka yi fushi da shi ne? Lamba ɗaya nake ta rubutawa."

Ya karɓi allon. Gaskiya ne. Tun farko ya bar tsawon a mafi gajarta, kamar yadda ya saba a zanen da ake neman sauri. Gajeriyar hanya ba ta riƙe wuta daidai, ƙarshenta na jan farkonta, ninkin ya zube. Ya ninka tsawon sau huɗu, ya ninka faɗin haka nan, bai taɓa wutar ba. Lamba ta fito: ɗari da goma sha biyu.

"Sakatare ta sha gaban injiniya," ya ce, idonsa ya yi ja.

Ta nuna kunnenta. "Yaushe?"

Bai yi mata ƙarya ba. Ya goge allon ya rubuta a hankali: sai malamansa sun amince, sai an aika zanen wata masana'anta a ƙasar waje, sai an gwada. Wataƙila shekara biyu.

Ta karanta sau biyu. A tsakar gida tana hango mahaifiyarta tana magana, bakin yana motsi kawai. Hafsatu ta gane cewa bana ma ba za ta ji muryar nan ba, amma yanzu ta san abin da ake jira.