Ɗakuna Takwas a Maamobi

Abibata mai koko ba ta san mece ce kwamfuta ba, ta dai san tun da 'yarta Ruhaina ta shiga ajin kwamfuta na Malam Fataw a Nima, maƙwabciyar unguwarsu Maamobi a Accra, ta daina kuka a kan lissafi. Malamin ba ya duka. Cewa yake yi kowane yaro ya gina manhaja da hannunsa a kan darasin da ya gagare shi. Ruhaina rabe-raben lamba ne ke kayar da ita, sai ya ce ta koya wa na'ura rabon gado: rabi, rubu'i, sumuni.

Ranar nuni aka gayyaci iyaye. Baffa Jibirilu, ƙanen marigayi mijin Abibata, ya zauna a gaba da babbar riga. Shi ke riƙe da gidan marigayin tun rasuwa, ya bar musu ɗaki ɗaya na bakin gota, wato kwatar unguwa.

"Ba mu misali, Ruhaina," in ji Malam Fataw.

Yaro ai gidansu ya sani. Ruhaina ta buga: ɗakuna takwas, mata ɗaya, 'ya ɗaya, ɗan'uwa ɗaya. Allo ya nuna: mata ɗaki ɗaya, 'ya huɗu, ɗan'uwa uku.

Malamin, baƙon unguwa ne, ya hau tafi shi kaɗai. Kowa a wurin ya san gidan. Wata tsohuwa ta ce, "Oho, ashe akwatin nan ya yi karatun allo!" Aka fashe da dariya.

Da la'asar Baffa ya tsaya a ƙofar ɗakinsu.

"Abibata, ke kika aike ta?"

"Wallahi Alhaji, aikin makaranta ne."

"To zaɓi. Ko ajin, ko ɗakin."

Abibata ta san wannan lissafin shekara shida, tun rasuwar mijinta, liman ma ya sani, ba wanda ya taɓa furtawa. Ta dubi katifa, ta dubi tukunyar koko. Ina za ta kai su a Accra?

Da Malam Fataw ya biyo sawu, ta tare shi a bakin lungu.

"Hajiya, yarinyar nan ta fi kowa. Amsarta daidai ce."

"Na sani, Malam. Sai dai ba a kwana a cikin daidai."

Ranar Asabar, lokacin aji, Ruhaina na zaune tana ƙulla koko a leda. Ba ta zuba wa kowa fiye da rabonsa ba.