Ranar da Aka Nome wa Lauwali Gamba

A Rimawa, idan ciyawa ta cinye gonarka, kai ake kallo, ba gonar ba. To Lauwali da hannunsa ya shuka tasa ciyawar.

Dalilinsa saniyarsa ce, guda ɗaya tal. Bara da bazara ta rame har ta kasa tashi, sai da maza suka zura mata itace a ƙarƙashin ciki suka ɗaga ta. Lauwali ya rantse ba zai sake ganin wannan rana ba. Da ruwan shuka ya sauka ya samo irin gamba, ciyawar nan mai zurfin saiwa da fari ba ya saurin kashewa, ya cuɗa shi da yashi don kada iska ta kwashe, ya shuka layi-layi a rabin gonarsa. Kullum yana tsugunne yana tsince sauran ciyayi da hannu yana barin tasa. Ko saniyar bai bari ta leƙa ba, sai saiwa ta kama ƙasa tukuna.

Ya yi wa mutane bayani har bakinsa ya gaji. Su gyaɗa kai, yana juya baya su hau tausaya masa. Gamba ai a kan iyakar gona take fitowa, kuma ba a taɓa jin wanda ya taya Allah shuka ta ba.

Alhaji Isa, dattijon unguwa, mutum ne mai alheri, irin alherin da ba ya sallama kafin ya shigo. Bayan La'asar ya tara maza a ƙofar masallaci.

"Wanga bawan Allah ciwon baya ya kama shi, ya kasa noma," in ji shi. "Kunya ta hana shi hwaɗi, shi na yac ce wai shuka haki ya yi. Wa ka shuka haki? Ku taho mu ruhwa mashi asiri."

Ranar da Lauwali ya tafi ta'aziyya garin Rara, gayya ta sauka a gonarsa, har da mai kalangu. Matarsa Habi ta fito ba ko takalmi tana roƙon a tsaya.

"Koma gida, ɗiyata," Alhaji ya ce da murya mai taushi. "Mun san komi. Ba sai kin ɓoye muna ba."

Ta koma tana share hawaye, ta dama fura, don ba a barin 'yan gayya da ƙishirwa. Aiki kuwa an yi shi tsakani da Allah. Inda fartanya ta bar saiwa, aka bi da hannu aka tumɓuke.

Da yamma Lauwali ya sauka daga kan babur ya tarar da ƙasa fayau, maza a gindin kalgo suna jiran godiya. Lokacin shuka ya riga ya wuce, iri kuma babu saura. Don baƙin ciki, hawaye suka zubo masa.

"Subhanallahi, bar kuka!" Alhaji ya dafa kafaɗarsa. "Amhwanin 'yan'uwa ke nan."

Yaya za ka yi da mutanen da suka bar gonakinsu suka wuni a rana dominka? Lauwali ya durƙusa ya ce Allah ya saka da alheri, aka amsa da amin mai ƙarfi. Kowa ya ɗaure damin ciyawa ya aza a ka, wai don kada a bar masa shara.

Da safe maƙwabcinsa Sa'adu ya leƙo ta kan danga, fuska cike da fara'a.

"Lauwali, hakin da munka kwashe jiya, mi as sunanai? Awakina sun cinye shi tas, har suna hwaɗa a kai. In ya sake hitowa ka aiko, mu taho mu taimaka." Ya juya zai tafi, sai idonsa ya faɗa kan saniyar a turke. "Kuma shawara ta ɗan'uwa, ka tanadi abin da za ka ba ta tun yanzu. Bazara ba ta da tausai, kai ko ba ka da tattali."